Fayil ɗin da Ya Maƙale a Hannun Amintattu: Nazarin Takaddamar Nikole Hannah-Jones da Jami'ar Karolina ta Arewa

A ranar 30 ga Yunin 2021 kwamitin amintattu na Jami'ar Karolina ta Arewa da ke garin Chapel Hill a Amurka, wato hukumar da ke sa ido kan gudanar da jami'ar, ya kaɗa ƙuri'a kan ko za a bai wa 'yar jarida Nikole Hannah-Jones matsayin farfesa ta dindindin, mutum 9 suka amince, 4 suka ƙi. Kwana shida bayan haka sai matar ta fito a gidan talabijin na CBS ta sanar da cewa ba za ta karɓi aikin ba, domin ta amsa kiran Jami'ar Howard da ke birnin Washington. Abin da ya sa lamarin ya cancanci nazari shi ne yadda fayil ɗinta ya haye dukkan matakan da malamai ke tantance malamai, sannan ya shafe watanni a mataki na ƙarshe, wanda ba na malamai ba ne, ba tare da an ce an amince ko an ƙi ba, kuma ba tare da an rubuta mata dalili ba.

Kafin a shiga cikin labarin, dole ne a fahimci abin da ake rikicin a kansa. A yawancin manyan jami'o'in Amurka ana ɗaukar sabon malami a matsayin mataimakin farfesa, ya yi zaman gwaji na kimanin shekara shida, sannan a haɗa masa fayil mai kauri wanda ya ƙunshi binciken da ya wallafa, da rahoton yadda yake koyarwa, da hidimar da ya yi wa sashensa da jami'a. A aika samfurin ayyukansa ga manyan masana na wasu jami'o'i su rubuto wasiƙun sirri kan darajarsa a fagen. Daga nan malaman sashen da suka riga shi samun matsayin su zauna su kaɗa ƙuri'a, fayil ya wuce ga shugaban tsangaya, ya wuce ga kwamitin naɗi da ƙarin girma na jami'a baki ɗaya, ya wuce ga mataimakin shugaba mai kula da harkokin ilimi, kafin ya isa gaban amintattu. Wanda ya yi nasara ya zama ba a iya sallamarsa sai da laifi tabbatacce bayan an saurare shi, ko kuma idan jami'ar ta shiga matsanancin halin rashin kuɗi. Wanda bai yi nasara ba kuwa, galibi shekara guda ake ƙara masa ya tattara nasa ya nasa ya nemi wani wuri. Mai karatun da ya san yadda takardun neman zama farfesa ke tafiya a Jami'ar Ahmadu Bello ko ta Bayero, daga sashe zuwa tsangaya zuwa masu tantancewa na waje zuwa majalisar gudanarwa, zai ga kamanni a tsarin, sai dai a Najeriya tabbatar da malami a aiki ba shi ne babban fagen fama ba, a ƙarin girma ake gumurzun, alhali a Amurka wannan mataki guda shi ke raba wanda zai zauna da wanda zai tafi.

Tsarin yana da asali, kuma asalin yana da alaƙa ta kai tsaye da abin da ya faru a Chapel Hill. A shekarar 1900 Jane Stanford, matar attajirin jiragen ƙasa da ya kafa Jami'ar Stanford, ta matsa wa shugaban jami'ar lamba har ya raba masanin tattalin arziki Edward Ross da aikinsa, saboda maganganun da ya yi a bainar jama'a kan shigo da leburori daga Asiya da kuma mallakar kamfanonin hidimar jama'a. Wasu daga cikin ra'ayoyin Ross ɗin na wariyar launin fata ne tsantsa, kuma wannan ba ƙaramin abin lura ba ne, domin kariyar da aka gina daga baya ba a gina ta don masu kyakkyawan ra'ayi kaɗai ba. Malamai da dama sun ajiye aiki a Stanford don nuna fushi, ciki har da masanin falsafa Arthur Lovejoy, wanda shi da John Dewey suka jagoranci kafa ƙungiyar farfesoshin jami'o'in Amurka, wato AAUP, a 1915. Sanarwar da ƙungiyar ta fitar tare da ƙungiyar kwalejoji a 1940 ita ce ta ƙayyade cewa zaman gwaji kada ya wuce shekara bakwai. Wata sanarwar ta 1966, wadda aka tsara tare da ƙungiyar hukumomin gudanar da jami'o'i, ita ce ta fi shafar wannan lamari: ta ce batun naɗa malamai da ƙara musu girma da ba su matsayin dindindin hakki ne da ya rataya a wuyan malamai tun farko, kuma amintattu su bi hukuncin malaman, sai fa a lokuta ƙalilan da ke da ƙwaƙƙwaran dalili, wanda shi ma dole ne a bayyana shi dalla-dalla. Sanarwar ba doka ba ce, kotu ba ta tilasta ta, amma da ita ake auna jami'ar da ke son a ɗauke ta da daraja.

Matsayin ya kuma ƙara tsada saboda ƙarancinsa. Alƙaluman AAUP sun nuna cewa a 1987 kimanin kashi 39 cikin ɗari na malaman manyan makarantun Amurka ne ke riƙe da matsayin dindindin, amma ya zuwa 2021 sun ragu zuwa kusan kashi 24, yayin da masu aikin kwantaragi da na wucin gadi suka kai kashi 68.

Hannah-Jones ba ta biyo ta hanyar zaman gwajin shekara shida ba, kuma kujerar da aka kira ta dominta ba a yi ta don masu bin wannan hanya ba. Gidauniyar Knight ta fara kafa kujerun farfesa a tsangayoyin koyon aikin jarida tun farkon shekarun 1990, da manufar ɗauko gogaggun 'yan jarida daga fagen aiki a kawo su aji. Waɗanda suka riga ta hawa irin wannan kujera a Chapel Hill daga fagen aiki aka ɗauko su, kuma an ba su matsayin dindindin. Ita kanta tsohuwar ɗalibar tsangayar aikin jarida ta Chapel Hill ce, a can ta yi digiri na biyu ta kammala a 2003, ta yi aiki a jaridar News & Observer ta birnin Raleigh, da Oregonian, da ProPublica, kafin ta koma mujallar New York Times a 2015, inda ta shahara da bincike kan yadda makarantun gwamnati ke ci gaba da rarrabe yaran baƙaƙe da na farare. Ta samu kyautar gidauniyar MacArthur a 2017, ta kuma samu Pulitzer, babbar kyautar aikin jarida ta Amurka, a fannin sharhi a 2020.

Aikin da ya kawo mata Pulitzer shi ne ya jawo mata abokan gaba. A watan Agustan 2019 mujallar ta fitar da jerin maƙalu mai suna 1619 Project, wanda ita ta ƙirƙiro shi ta kuma rubuta maƙalar buɗewa, domin cika shekara 400 da saukar da 'yan Afirka na farko da aka kawo a matsayin bayi gaɓar Virginia. Jigon aikin shi ne a sanya bauta da gudummawar baƙaƙen fata a tsakiyar tarihin Amurka. A watan Disambar shekarar wasu masana tarihi biyar, ciki har da Gordon Wood da James McPherson da Sean Wilentz, suka rubuta wa jaridar wasiƙa suna ƙalubalantar wasu batutuwa, musamman cewar kare bauta na daga cikin manyan dalilan da suka sa Turawan da suka zauna a Amurka suka ɓalle daga mulkin Ingila. A watan Maris na 2020 jaridar ta gyara jimlar ta koma cewa wasu daga cikinsu ne ke da wannan dalili. Kafin ƙarshen shekarar batun ya tashi daga hannun masana ya koma na 'yan siyasa, har Shugaba Donald Trump ya kafa wani kwamiti mai suna 1776 don mayar da martani, a farkon 2021 kuma wasu 'yan majalisun jihohi suka fara neman hana koyar da aikin a makarantu.

A cikin wannan yanayi ne tsangayar, ƙarƙashin shugabarta Susan King, ta nemi Hannah-Jones, aka haɗa fayil a 2020. Wasiƙun masu tantancewa na waje sun zo da goyon baya, malaman tsangayar sun amince, kwamitin jami'a ya amince, mataimakin shugaba Bob Blouin ya miƙa sunanta gaba. Bisa bayanin da ita ta fitar daga baya, an tsara amintattu su duba batun a zamansu na Nuwambar 2020, ranar ta zo ta wuce ba ta ji komai ba. A watan Janairun 2021 shugaban ƙaramin kwamitin da ke duba irin waɗannan takardu, Chuck Duckett, ya nemi a ɗage batun yana cewa yana da tambayoyi. Maimakon hukumar jami'ar ta tattaro amsoshin tambayoyin ta sake gabatar da fayil ɗin, sai ta ɓullo ta wata hanya, ta yi wa matar tayin kwantaragin shekara biyar, wanda ba ya buƙatar sa hannun amintattu, da alkawarin za a iya duba batun dindindin ɗin nan gaba. Ta karɓa, kuma ta ce ta karɓa ne don gudun rikici a idon duniya. A ƙarshen Afrilu jami'ar ta yi shelar ɗaukarta cikin alfahari, ba ta ambaci abin da ya faru a bayan fage ba, har sai da kafar labarai ta NC Policy Watch ta tona maganar a ranar 19 ga Mayu.

Dalilin da shugaban amintattu na lokacin, Richard Stevens, ya bai wa manema labarai shi ne cewa ba baƙon abu ba ne mamba ya nemi ƙarin lokaci, musamman kan wanda bai fito daga tsarin ilimin jami'a da aka saba ba. A nan ne batun ma'auni ya fito fili. Tambayar ko ya dace a bai wa wanda ba shi da digirin digirgir aikin da ba a iya korarsa tambaya ce mai ma'ana, kuma akwai malamai masu mutunci da ke ganin bai dace ba. Sai dai wurin amsa ta shi ne lokacin da ake rubuta ƙa'idojin tsangaya da lokacin da jami'a ke karɓar kuɗin gidauniya bisa sharuɗɗan kujerar, kuma jami'ar ta riga ta amsa ta a aikace tun da ta bai wa magabatan matar matsayin. Tsangayoyin koyar da sana'a, irin su aikin jarida da kiɗa da zanen gine-gine, sun daɗe da tanadar hanya ta biyu wadda ake auna fitaccen aikin sana'a a madadin maƙalun mujallun bincike. Idan ma'aunin da ba a ɗora wa na baya ba ya bayyana rana tsaka a kan mutum guda, bayan an gama tantance shi da ma'aunin da ke rubuce, to jama'a za su nemi sanin abin da ya bambanta mutumin, kuma abin da ya bambanta Hannah-Jones da magabatanta a bayyane yake: baƙar fata ce, kuma aikinta ya ɓata wa jam'iyyar Republican da ke riƙe da majalisar jihar Karolina ta Arewa rai.

Yadda ake naɗa amintattun ya ƙara wa zargin ƙarfi. A lokacin su 13 ne: 8 hukumar gudanar da jami'o'in jihar ce ke zaɓensu, ita kuwa majalisar dokokin jiha ce ke zaɓen mambobinta, 4 majalisar ce ke naɗa su kai tsaye, na 13 shi ne shugaban ƙungiyar ɗalibai. Waɗannan kujeru 4 a da gwamna ne ke cike su, amma a Disambar 2016, bayan Roy Cooper na jam'iyyar Democrat ya ci zaɓen gwamna kuma kafin ya kama aiki, majalisar da 'yan Republican ke da rinjaye a cikinta ta karɓe ikon. Ke nan ban da ɗalibin, kowane mamba na kwamitin ya samu kujerarsa ne ta hannun majalisa, ko kai tsaye ko a fakaice. Wannan kaɗai bai tabbatar da cewa wani ɗan majalisa ya ba da umarni ba, amma kwamitin da aka gina haka ya fi kowa buƙatar ya rubuta dalilansa.

Sai kuma batun mai ba da gudummawa. Walter Hussman, mawallafin jaridar Arkansas Democrat-Gazette, ya yi alkawarin bai wa tsangayar dala miliyan 25 a 2019, aka sanya mata sunan iyalinsa, aka kuma rubuta aƙidunsa na aikin jarida marar ɗaukar ɓangare a bangon ginin. A ƙarshen Mayun 2021 kafar The Assembly ta wallafa cewa tun a 2020 ya riƙa aika wa manyan jami'ai, ciki har da King da shugaban jami'ar Kevin Guskiewicz, saƙonnin nuna damuwa kan ɗaukar matar, yana tsoron kada a riƙa danganta tsangayar da 1619 Project fiye da aƙidun nan. Hussman ya ce bai taɓa barazanar janye kuɗinsa ba, ra'ayinsa kawai ya faɗa. Ko da an ɗauki maganarsa yadda ya faɗe ta, matsalar ba ta kau ba, domin ra'ayin mutumin da bai gama biyan dala miliyan 25 ba nauyinsa daban ne a kunnen shugaba, kuma ra'ayi ne da ya shiga ta ƙofar da ba ta cikin tsarin tantancewa, inda wadda ake magana a kanta ba ta da damar gani balle ta mayar da amsa. Tsarin dindindin ɗin kansa don toshe irin wannan ƙofa aka ƙirƙiro shi bayan abin da ya faru a Stanford.

Adalci ya buƙaci a tsaya a kan hujja mafi ƙarfi ta masu adawa da ita, wato sukar masana tarihin nan. Suka ce ta ilimi, daga bakin mutanen da ba a raina su a fagensu, kuma gyaran da jaridar ta yi ya nuna akwai ƙamshin gaskiya a wani sashe nata. Da a ce masu tantancewa na waje ko kwamitin jami'a sun auna wannan suka, suka ga ta rage darajar aikin har ya kasa kai wa mizani, da hukuncinsu halattacce ne, ko da bai yi wa magoya bayanta daɗi ba. Amma takaddamar ta riga ta karaɗe jaridu tun kafin a haɗa fayil ɗin, masu tantancewar sun yi aikinsu cikin saninta, kuma suka amince. Haka nan aikin da ke jawo muhawara mai zafi tsakanin masana ba baƙo ba ne a fayil ɗin neman dindindin, sau da yawa ma shi ake ɗauka alamar cewa aikin ya yi tasiri. Amintattu, waɗanda akasarinsu 'yan kasuwa ne da lauyoyi, suna da ikon doka na ƙin amincewa, babu mai musun wannan. Abin da sanarwar 1966 ta nema daga gare su shi ne su yi amfani da ikon a fili, su faɗi inda malamai suka kuskure.

A ganina wannan shi ne ainihin aibin da ke cikin lamarin, kuma ya fi batun siyasa da na kuɗi muhimmanci ga mai nazarin ƙa'idojin ƙarin girma. Ƙin amincewa hukunci ne, ana iya ɗaukaka ƙara a kansa, ana iya kai shi kotu, ana iya auna dalilinsa. Ɗage zama ba tare da ranar komawa ba yana kai mutum inda ƙi zai kai shi, amma ba ya barin abin da za a kama. Ƙa'idojin jami'o'i sukan yi dogon bayani kan yawan wasiƙun waje da irin wallafe-wallafen da ake so, amma ba kasafai suke ɗaure mataki na ƙarshe da wa'adi ba. Hukumar jami'ar ma tana da nata kason laifin. Kwantaragin shekara biyar ya yi kama da sulhu, amma a zahiri ya sauke wa amintattu nauyin yanke hukunci, ya ɗora hatsarin a kan matar, wadda za ta shafe shekara biyar tana koyar da batun launin fata alhali makomarta na hannun kwamitin da ya ƙi duba takardunta.

Bayan tonon sililin sai matsin lamba ya taso ta ko'ina. Malamai da ɗalibai da tsofaffin ɗalibai suka yi ta zanga-zanga da rubuta takardun koke, shugaban gidauniyar Knight, Alberto Ibargüen, ya nemi amintattu su sake tunani, lauyoyin asusun NAACP mai kare hakkin baƙaƙen fata suka tsaya wa matar, suka kuma sanar cewa ba za ta kama aiki a ranar 1 ga Yuli ba muddin babu matsayin dindindin. Wata masaniyar kimiyyar sinadarai, Lisa Jones ta Jami'ar Maryland, wadda sashen sinadarai na Chapel Hill ke zawarci, ta janye sunanta ta kuma ambaci wannan lamari a matsayin dalili. Shugaban ɗalibai Lamar Richards, wanda ke da kujera a kwamitin, shi ne ya rubuta buƙatar a kira zama na musamman, aka yi shi a ranar ƙarshe ta wa'adin wasu daga cikin mambobin. An tattauna a asirce kamar yadda aka saba yi kan al'amuran ma'aikata, 'yan sandan jami'a suka fitar da ɗaliban da suka ƙi barin ɗakin, sannan aka dawo aka kaɗa ƙuri'a a fili. Duckett, wanda ya nemi ɗagewar a Janairu, yana cikin waɗanda suka amince. 

A Howard, jami'ar baƙaƙen fata da aka kafa a 1867, an ba ta kujerar Knight tare da matsayin dindindin, ta kuma tafi da alkawarin kusan dala miliyan 20 daga gidauniyoyin Knight da MacArthur da Ford da wani mai bayarwa da ya ɓoye sunansa, don kafa cibiyar aikin jarida da dimokuraɗiyya da tallafa wa wasu ayyukan jami'ar. Marubuci Ta-Nehisi Coates shi ma ya koma can a lokaci guda. Ya kamata a tuna cewa irin wannan mafita ta mai Pulitzer ce da manyan lauyoyi. Mataimakin farfesan da fayil ɗinsa ya maƙale haka a shekararsa ta shida ba shi da jaridar da za ta bi sawunsa.

A watan Afrilun 2022 wani kwamiti na musamman na AAUP ya fitar da rahoto kan jami'o'in jihar, inda ya kawo wannan lamari cikin misalan katsalandan na siyasa a harkokin da suka shafi malamai, a watan Yuni kuma majalisar ƙungiyar ta yi tir da hukumar gudanarwar jami'o'in. A Yulin 2022 aka sasanta barazanar shari'ar da lauyoyin matar suka yi, jami'ar ta biya abin da bai kai dala 75,000 ba, ta kuma ɗauki alkawarin horar da wasu ma'aikatanta kan yadda ake neman malamai da ɗaukarsu. Wanda ya tabbatar wa manema labarai da sasantawar shi ne David Boliek, ɗaya daga cikin mutum 4 da suka kaɗa ƙuri'ar ƙi, wanda aka zaɓa shugaban amintattu makonni kaɗan bayan zaman 30 ga Yuni.